Cin Bashi Don Biyan Bashi: Yaushe Yake Zama Mafita?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Ina gaida mutanen Madawa da Bangi da Sabon Gida da Galma. Ina gaida na Buza da Karofan da Tama. Ina gaida na Keita da Tamaske da Garhanga da Ibohaman. Manoman albasa na fadamar Tarka, sannunku da ban ruwa. Iyayenmu mata na kwarin Majiya, ina wuninku. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti masu jiran ƙarshen wata, Allah ya sa wa albashi albarka.

Shirinmu na yau kan bashi zai yi magana. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka kada wani ya kashe rediyo saboda kunya. Ga tambayar da za mu warware tare: mutum ne bashi ya yi masa nauyi, sai ya ji labarin wani wuri da ake ba da bashi da sauƙi. Ya dace ya ci wannan ya biya wancan? Akwai lokacin da yin haka ke ceton gida, akwai kuma lokacin da yake zama gudun gara a faɗa gidan zago. Abu biyu ne ke raba su: lissafin da mutum ya yi kafin ya sa hannu, da kuma rufe ƙofar tsohon bashin bayan an biya shi. Duk abin da zan faɗa yau, a kan waɗannan biyun zai tsaya.

Mu leƙa ƙasar Ingila tukuna, inda wannan dabara ta zama ruwan dare. A can, kamar a nan, banki kan bar mutum ya ciri kuɗi fiye da abin da ke cikin asusunsa. Shi ne ma'aikatanmu suka sani da dekuber. A watan Afrilun 2020 hukumar da ke sa ido kan bankunan ƙasar ta tilasta musu su daina tarkacen caje-caje, su faɗi kuɗin ruwan dekuber da lamba ɗaya ta shekara. Da lambar ta fito fili, manyan bankuna da yawa kusan kashi 40 cikin 100 suka rubuta. A gefe guda kuma akwai kamfanonin katin bashi da ke farautar abokan ciniki. Sukan ce wa mutum: karɓi katinmu, za mu zuba maka kuɗi a asusu ka toshe dekuber ɗinka, ba za mu ɗora maka ruwa ba har shekara ɗaya ko fiye, sai dai ladan aiki na kashi 3 ko 4 cikin 100. Wanda ake bi fam 1,000, da zai biya ruwan kusan fam 400 a shekara, sai ya biya fam 40 kawai. Wanda ya daure ya gama biya cikin wa'adin, ya tsira. Wanda kuwa wa'adin ya ƙare bai gama ba, ruwan katin yakan koma sama da kashi 20 cikin 100. Mafi muni shi ne wanda ya ga asusunsa ya yi fes, ya koma cin dekuber, ya wayi gari ana binsa bashi biyu.

A nan Nijar irin wannan katin ba shi da yawa. Katin da ke aljihun malamin makaranta a Buza, ko na GIM-UEMOA ne ko na Visa, galibi katin cire kuɗi ne: abin da kake da shi yake ba ka. Amma dabarar kanta tana nan a cikinmu, da kyawunta da haɗarinta. Ma'aikaci na yin ta a banki, manomi na yin ta tsakanin Alhajin kasuwa da asusun bashi, mace na yin ta tsakanin mai shago da ƙungiyarsu ta mata. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mu fara da mai albashi. Kowa ya san yadda ake shiga dekuber. Matar gida ta haihu, ko tsoho ya kwanta asibiti, ko Babbar Salla ta zo ba rago, ko albashi ya yi jinkiri. Da yawa sun shiga ne a watannin takunkumin da aka sa wa Nijar, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, lokacin da aka rufe iyakoki, kaya suka yi tsada, kuɗi suka yi wuyar samu a bankuna. Ba laifi ba ne mutum ya nemi agaji ranar da ya matsu. Matsalar dekuber ita ce ba shi da ranar ƙarewa.

Ga misali, ku biyo ni da lissafi. Mu ɗauka malami ya ci dekuber na jika 100, wato sefa 100,000. Albashi ya shigo, banki ya cire nasa. Abin da ya rage ba zai kai gida ƙarshen wata ba, sai malam ya sake cire jika 100 ɗin nan a ranar. Mu ce ruwa da haraji da ƙananan caji, abin da ake kira ajiyo, sun kama sefa 1,500 kowane wata. Kuɗin ba su da yawa a ido, shi ya sa ba a damuwa da su. Amma a shekara sun zama jika 18. A shekara uku jika 54. Kuma bayan shekara ukun nan, nawa ake bin malam? Jika 100 cif, ko dala ba ta ragu ba.

To, da a ce ya shiga wurin mai kula da asusunsa ya ce a mai da masa wannan dekuber bashi mai jadawali, wanda ake biya kaɗan-kaɗan. Mu ce an ba shi jika 100 a kan kashi 10 cikin 100, ya biya cikin wata 12. Kowane wata za a cire masa kimanin sefa 8,800. Ruwan duka shekarar kimanin sefa 5,500 ne. Mu ƙara kuɗin dosiye da haraji, mu ce sefa 3,500. Jimilla jika 9, rabin abin da dekuber ke ci a shekara, kuma wata na goma sha biyu na cika bashin ya mutu.

Sai dai in faɗa muku gaskiya: a wannan shekarar gida zai ji a jikinsa. Mutumin da ya saba a cire masa sefa 1,500, yanzu 8,800 za a cire. Dole wani abu ya ragu, ko kuɗin kiran waya, ko nama, ko anko na biki. Wannan magana ce da ya kamata maigida ya zauna da iyalinsa su yi ta tun kafin ya je banki. In uwargida ba ta san abin da ake ciki ba, za ta ga cefane ya ragu ta ɗauka rowa ce ko wani shiri ake yi a ɓoye. In ta sani, ita ce za ta fi kowa taimakawa.

Yanzu ku saurari ɗaya fuskar, don nan ne ma'aikata da yawa ke faɗawa. Bankuna na gasar neman masu albashi. Wani banki zai ce maka: dawo da albashinka wurinmu, za mu sayi bashin da ake binka a can, ruwanmu ya fi sauƙi, abin da za a cire maka a wata zai ragu da fiye da rabi, har ma mu ƙara maka wani abu a sama. Magana mai daɗin ji. Mu auna ta. Mu ce ana binka miliyan 1 a kan kashi 12 cikin 100, saura shekara 2. Kana biyan kimanin jika 47 a wata, ruwan da ya rage maka gaba ɗaya kimanin jika 130 ne. Sabon bankin ya ba ka kashi 10 cikin 100, amma a shekara 5. Biyan wata ya sauko zuwa kimanin jika 21. Ka samu numfashi, gaskiya ne. Amma ruwan da za ka biya kafin ka gama ya kai kimanin jika 275, ya ninka na farko har da ɗoriya. Ban ma sa sabon kuɗin dosiye da na inshora ba, ban sa tarar da tsohon bankin zai iya nema saboda ka biya kafin lokaci ba. Ɗan garuwa in ya sauya kafaɗa yakan ji sauƙi, amma ruwan da ke cikin garwa bai ragu ba, in kuma hanya ta ƙara tsawo wahalarsa ce ta ƙaru.

Ba ina cewa tsawaita wa'adi haram ba ne. Wanda abin da ake cire masa ya hana yaransa cin abinci, tsawaitawa na iya zame masa dole. Amma ya yi ta da idonsa a buɗe, ya san kuɗin da numfashin nan zai ci masa. Kuma wannan ƙarin da ake cewa za a ɗora maka a sama, in babu larura ta gaske, ka ce a bar shi.

Akwai haƙƙoƙi da doka ta ba ku waɗanda ya kamata kowa ya riƙe. A ranar 1 ga Janairun 2014, ƙasashe 8 na yammacin Afirka masu amfani da sefa, waɗanda babban bankin BCEAO ke kula da kuɗinsu, suka rage iyakar kuɗin ruwa: a lokacin aka ce banki kada ya wuce kashi 15 cikin 100 a shekara, ƙananan asusun ajiya da bashi kada su wuce kashi 24. Kafin nan 18 da 27 ne. Lambar da ake aunawa da wannan iyaka ita ce ake kira TEG, wadda ta haɗa ruwa da cajin da aka ɗora wa bashin. Ita za ka tambaya, domin da ita ake gwada banki da banki. Haka kuma tun watan Oktoban 2014 aka mai da wasu ayyukan banki 19 kyauta, cikinsu har da takardar bayanin asusu sau ɗaya a wata, da takardar da ke tattara duk cajin da aka yi maka a shekara, da rufe asusu. Ka nemi takardar nan ta shekara. Mutane da yawa sai ranar da suka gan ta suke sanin nawa ajiyo ya ci musu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu saurare, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan cin bashi mai sauƙi don biyan mai tsada. Mu bar banki mu shiga garka, domin yawancinku ba ku da albashi, kuma bashin da ya fi kowane tsada a ƙasar nan ba a ofis ake ba da shi ba.

Albasar Galmi ta yi suna har Abijan da Akara da Kumasi, kuma kaso mai yawa nata daga fadamun Tarka da Majiya da Keita yake fitowa. Amma noman albasa cin kuɗi gare shi: iri, takin zamani, man injin ban ruwa, ladan masu dashe. Duk ana kashe su ne daga Oktoba zuwa Janairu, ita kuwa albasa sai wajen Fabrairu zuwa Afrilu ake cire ta. Manomin da ba shi da jari sai ya je wurin Alhaji mai sayen albasa. Mu ce ya karɓi jika 100, aka yi yarjejeniya zai kawo buhu 10, kowane buhu a jika 10. Ranar da aka cire albasa, a kasuwa buhu ya kama jika 14. Ke nan ya ba da kayan jika 140 a kan jika 100 da ya ci. Jika 40 cikin wata 4. In aka shimfiɗa wannan a shekara, kashi 120 cikin 100 ne. Ba a kira shi ruwa ba, ba a rubuta shi a takarda ba, amma daga aljihun manomi ya fita.

Da a asusun bashi mai rajista ya ci jika 100 ɗin, ko da sun kai iyakar da na faɗa ɗazu, jika 2 ne a wata, jika 8 a wata 4. Kuma albasarsa tasa ce: ya sayar wa wanda ya fi tayi, ko ya zuba wani kaso a rudu, wato rumbun albasa, ya jira farashi ya ɗaga bayan damina ta sauka. Tsakanin jika 40 da jika 8 akwai kuɗin takin shekara mai zuwa. A nan sauya mai bin bashi na da amfani ƙwarai. Muna da irin waɗannan asusai a yankinmu, kamar Yarda a Madawa, akwai kuma bankin manoma na BAGRI. Kafin ka kai kuɗinka ko takardarka kowane asusu, ka tabbatar yana da lasisi daga hukuma. Akwai hukumar ARSM da aikinta ke nan, sa ido a kan ƙananan asusun bashi.

Amma mu yi wa Alhaji adalci. Yana ba da kuɗi ba takarda, ba hoto, ko da dare ne. Shekarar da tsutsa ta ci albasa ko rijiya ta ƙafe, sau da yawa yakan yi haƙuri zuwa baɗi, domin ya san ubanka kuma tare kuke sallar Juma'a. Asusu kuwa ranar da aka rubuta ita ce rana. Zai nemi jingina, ko ya haɗa ku ƙungiya kowa ya tsaya wa ɗan'uwansa, in ɗaya ya kasa sauran su biya. Saboda haka, ya kai manomi, kafin ka sauya ka duba ranar biya: ta zo bayan ka sayar da albasa, ba lokacin da take ƙasa ba. Bashin da za a fara nema a Janairu ba na mai albasa ba ne, komai sauƙin ruwansa.

Ga kuma gargaɗin da nake roƙon kowa ya riƙe da hannu biyu. Bashin da ake binka a baki, ba jingina, kada ka mai da shi bashin da ka ajiye takardar gonarka ko garkarka ko gidanka a kansa, sai ka tabbata ƙwarai da inda kuɗin biya za su fito. Ruwa mai sauƙi ba ya rama asarar gona. Mutanen Keita sun san wahalar da aka sha tun 1984, lokacin da aka fara babban aikin nan na farfaɗo da ƙasa, mata na ɗaukar duwatsu a ka ana gina shinge don ƙasa ta sake ba da abinci. Mutanen Buza sun san itatuwan kare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975. Ƙasar da aka ceto da irin wannan gumi, kada a saka ta cikin haɗari saboda bashin biki.

Sai bashin hatsi, wanda ake ci lokacin da rumbu ya ƙare damina ta yi nisa: ka karɓi tiya ɗaya ka mai da biyu da kaka, ko ka sayar da damman gero tun suna gona a rabin kuɗinsu. Falle ke nan, wasu kuma na ce masa a-ci-ba-daɗi. Ninki ne cikin wata 3 ko 4, babu bankin da ya kai shi tsada. Kuma yana jawo na gaba, domin da kaka an kwashe rabin amfanin an biya, rumbu zai ƙare da wuri, a sake komawa.

Maganin da aka gwada a Nijar ya yi aiki shi ne jinginar hatsi a magaza, abin da ake kira warantaj, wanda wani shirin hukumar FAO ya yaɗa tun 1999. Da kaka, lokacin da gero da wake suka faɗi, ƙungiyar manoma ta tara buhunanta a magaza. A sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun bashi, ba wanda zai buɗe shi kaɗai. Asusu ya ba kowa bashin da bai kai darajar hatsinsa ba. Da kuɗin nan mutum zai iya sallamar mai falle, ya yi noman rani ko kiwon rago. Wajen Afrilu ko Mayu a biya, a buɗe magaza, hatsi ya dawo hannun mai shi daidai lokacin da ya yi tsada. Akwai shekarun da farashi ba ya tashi sosai, to a irin su ribar ba ta da yawa, amma ko a lokacin abinci na gida. Wannan hanya ta fi dacewa da gero da dawa da wake. Albasa tana ruɓewa tana raguwa a ajiya, sai an yi hattara.

Iyayena mata, ku ma kuna da taku hanyar, kuma duniya daga wurinku ta koya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi: mata su taru kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke, a ranta wa mai buƙata daga cikin akwati. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Wadda mai shago ke ba ta gari da mai bashi a farashi mai tsada don yin ƙosai, in ta ci daga akwati ta sayi kayanta da kuɗi hannu, ta ci riba. Ku dai lura da abu ɗaya: ƙungiyoyi da yawa suna ɗora kashi 10 cikin 100 a wata. Na wata ɗaya ko biyu ba komai, tunda ranar rabo ƙarin cikin akwatinku yake komawa. Amma kada a ci kuɗin akwati don toshe babban bashin da zai ɗauki shekara. Kuma maigida, don Allah kada ka tura matarka ta ciwo bashi da sunanta ka biya naka, ka bar ta da kunyar mata ranar taro.

Akwai kuma gidajen da suka dogara da ɗan da ya tafi bida. A Adar da wuya ka samu gidan da ba shi da wani a Kano ko Legas ko Abijan ko Libiya. Kafin a ci sabon bashi a ce yaro zai aiko a biya, a tuna da kuɗin da yake samu. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa ta faɗi warwas tun tsakiyar 2023. Wanda ke samun naira ana binsa sefa, bashinsa na iya ƙaruwa ba tare da an ƙara masa ko dala ba. A yi shawara da shi, a ji abin da zai iya, kafin a yi alkawari da aljihunsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Na san akwai mai cewa: to ai duk wannan kuɗin ruwa ne, addini kuwa ya hana. Gaskiya ne, haramcin riba ba abin wasa ba ne, kuma shirin nan ba ya kiran kowa ya shiga. Da wanda ya riga ya shiga muke magana, wanda ruwa ke cin albashinsa ko gonarsa kowane wata, muna neman masa hanyar fita mafi kusa. Kowa ya kai halin da yake ciki gaban malamin da ya yarda da iliminsa ya ji hukunci. Kuma kafin a je banki, a fara ƙwanƙwasa ƙofar da ba ruwa a cikinta: ɗan'uwa mai hali, adashe, ko sayar da akuya biyu a huta. Mai buƙatar injin ban ruwa ko kayan shago yana iya tambayar Bankin Musulunci na Nijar tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da kuka sani tun farko. Mu tuna kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Surar nan dai ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Alhazanmu masu ba da bashi, wannan taku ce. Wanda ya zo da kuɗinka zai biya kafin lokaci, ka karɓa ka sa masa albarka, kada ka riƙe shi don kana son albasarsa.

Yanzu ga abin da za ka tambaya ranar da ka zauna gaban ma'aikacin banki ko na asusu. Kada ka ji nauyi, kuɗinka ne. Ka ce: Malam, in na karɓi wannan kuɗi, nawa zan mayar gaba ɗaya daga farko har ƙarshe? Nawa za a cire tun kafin kuɗin su shigo hannuna? Yaushe zan fara biya, yaushe zan gama? In na yi jinkirin wata ɗaya me zai faru? In Allah ya hore mini na so in biya da wuri, akwai tara? Ka ce a ba ka jadawalin biya a rubuce ka tafi da shi gida. In ba ka karatun boko, ɗanka ɗan lakwal ko malamin garinku ya karanta maka. Sannan ka je wurin wanda ke binka yanzu ka tambayi abu ɗaya: in na kawo kuɗinka yau, nawa ne? Ka ajiye lambobin biyu kusa da juna. In sabon bai fi tsohon sauƙi a jimilla ba, zauna inda kake. Wanda ya ce sai ka sa hannu yau-yau, ba ya son ka yi lissafi ne.

In kuwa ka ga akwai sauƙi ka sauya, saura aiki mafi wuya. Kuɗin da ka karɓa su tafi kai tsaye wurin tsohon mai binka, a ranar, kada su kwana a gida, domin kuɗi in sun kwana buƙata na jin ƙanshinsu. Ka karɓi takardar shaidar ka gama biya, in a kasuwa ne a yi gaban shaidu biyu. Mai albashi ya rubuta wa bankinsa a soke masa izinin dekuber, ko a rage shi ƙwarai. Kada kuma wani ya yi tunanin zai ci a nan ya ɓoye wa can: yanzu akwai ofishin da ke tattara bayanan masu bashi a ƙasashen sefa, bankuna da manyan asusai na duba sunan mutum kafin su ba shi. Ranar da ka gama biya, kuɗin nan da ka saba a cire maka kada ka mai da su cefane duka. Ka ci gaba da ware ko rabinsu ne kana ajiyewa, domin haihuwa da ciwo da Salla za su sake zuwa, kuma wannan ajiyar ce za ta hana ka komawa.

Ga aikin da nake roƙon kowane gida ya yi a wannan mako. A samo takarda da alƙalami, ko da ajami ne a rubuta. Wa ke binmu? Nawa muka karɓa? Nawa za mu mayar? Wace rana? A rubuta duka, har da na mai shago da na tiyar gero. Wanda ya fi cin ruwa a cikinsu, shi za a fara nema wa mafita.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba ba tare da ambaton sunansa ba. Allah ya biya wa kowa bashin da ke kansa, ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu.

(Kiɗan rufe shiri)